Da Ƙafata Na Kai Lami

Bazarar bana a gidan ɗana Mutari ta same ni, can yamma da gari ta hanyar Takeita, inda aka yanka sababbin filaye kowa ya zagaye nasa da doguwar katanga. Tun kafin azumi ya je unguwarmu Kara-Kara ya ɗauko ni, wai lokotoro, wato likita, ya ce tansiyona ya hau, hawan jini ke nan, sai na huta. Ya ba ni ɗaki mai santsin daɓe da fanka da katifa mai laushi. Matarsa Nana yarinyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta. Ko butar alwala ba ta bari in ɗauka.

Amma zama ne irin na kaza a akurki. Ran nan na yafa gyale na ce bari in taka in sayo goron da zan ci bayan shan ruwa. Maigadi ya miƙe ya tare ƙofa.

"Inna, maigida ya ce kada ki fita da ƙafa. Ki faɗi abin da kike so a tada moto."

"Goro ne za a tada wa moto?"

"Ai babu mai goro a nan kusa, Inna."

Na ce ya buɗe in gani da idona. Ya buɗe. Rairayi ne shimfiɗe, katanga dama, katanga hagu, ƙofofin ƙarfe duk a rufe. Babu bishiya ko ɗaya, babu teburin mai gishiri, babu dakalin da tsoho zai zauna, babu wanda zan ce wa sannu ya amsa. Na juya na koma ɗaki.

Da azumi ya yi nisa famfon gidan ya ɗauke. Nana ta murɗa, bututu ya yi ta huci babu ɗigo. Wannan hucin ne ya mai da ni wata bazara da ta daɗe da wucewa, wadda ban taɓa ba Mutari labarinta daga farko har ƙarshe ba.

Shekarar nan azumi ya faɗo tsakiyar zafi. Mutari yana goye. Yayarsa, 'yata ta fari da ba na kama sunanta, muna ce mata Lami, ta yi wayo ta isa aike. Babansu magini ne, ya tafi Agadas neman aiki tun bayan kaka, ba shi ba saƙo. Daminar baya ba ta yi albarka ba. Hatsin da 'yan'uwana suka saba aiko mini daga Dogo, garinmu, bai ko cika rabin buhu ba. Ni ce uwa, ni ce uba, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Wanda ya zauna Damagaram ya san ƙishirwarta, amma ta wannan shekara daban ce. Famfon unguwa ya yi shiru. Tuluna da garewani suka yi layi har suka zagaya bayan masallaci, kowace mace ta aza dutse a kan nata ta tafi, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi. Rijiyoyin kusa suka koma taɓo. In ka zura guga sai ya fito da baƙin laka mai wari. Duwatsun da suka kewaye mu kuwa, rana ta gasa su tun safe, su yi ta mayar mana da zafin har bayan isha.

Maƙwabciyata Fanna, Babarbariya ce mai baki da zuciya, ita ta samo labarin wata rijiya a garake, wato lambuna, can bayan unguwar Birni. Mai garkar ya yarda mata mu ja ruwa in ya gama ban-ruwan ganyen salatinsa. Nisa ne na gaske. Amma ba mu tsaya auna nisan ba, don ba mu da wani wurin.

Da an sallame sallar asuba Fanna za ta buga katangar da ke tsakaninmu da muciya. In ɗaura Mutari, in naɗa gammo, in ɗauki tulu. Lami ta bi ni da ƙaramar garwa. Kafin mu fita unguwa mun zama ayari, kowace ƙofa muka wuce sai wata ta fito tana gyara ɗaurin zane. Mu ratsa tsakanin duwatsu inda masu fasa dutse suka riga mu fitowa, mu gangara, mu shiga lungunan Birni. A nan ne kaɗai jiki ke samun sauƙi, don lungunan matsattsu ne, katangun ƙasa suna riƙe sanyin asuba, inuwa kuma ba ta yankewa. Hira muke yi kamar ba masu azumi ba. A hanyar nan aka shirya maƙwabciyarmu Cima da surukarta. A hanyar nan na koyi gaisuwar Barebari, Fanna tana yi mini dariya wai harshena ya yi nauyi.

Komowa ce wuya. Tulu a ka, yaro a baya, rana ta fara cizo, ruwa yana motsi a saman kanka kana jin sanyinsa a wuya, maƙogwaro kuwa kamar an zuba toka. Ba mai magana. Sai ƙarar takalma da numfashi. Idan wata ta yi tuntuɓe, kafin tulunta ya karkace hannu biyu uku sun tare shi.

Ruwan nan ba a yi masa amfani ɗaya. Na sha da na girki a randa, a rufe da faifai. Alwala a cikin kwano ake yi, a tara, a wanke wa yaro jiki da shi, abin da ya rage a ba akuya. Ruwan da aka wanke hatsi ba ya taɓa ƙasa, da shi ake dama wa yara kunu. Wanki kuwa sai ranar da muka kwashi tsummokaranmu muka tafi da su garka.

Da hantsi in soya gyaɗa, in kai niƙa, in dawo in yi ta tuƙi ina matsa har mai ya fito. Wutar murhu a gaba, rana a baya. Da la'asar sakaliya in jera kwalabe a tasa, in sa ƙuli a gefe, in sake fita, wannan karon zuwa unguwar Zango, gida-gida. In dawo ana kiran magariba, ƙafafuna sun yi fari fat da ƙura. Mu sha ruwa da kunun tsamiya da kwaɗon yaɗiya. Wadda ta samu ɗan tuwo ta miƙa wa ta kusa ta kan katanga, kwano ɗaya sai ya zaga gida uku.

A lokacin, in ka ce daga Kara-Kara kake, akwai masu janye zanensu kada ya taɓa naka. Unguwar kutare suke ce mana, unguwar waɗanda gari ya tura bayan duwatsu. Farkon fara tallata akwai gidan da aka ce in ajiye kwalba a ƙasa in matsa baya. Na ajiye, na matsa, washegari na koma. Na yi ta komawa. Mutumin da ke ganin fuskarka kullum, yana amsa gaisuwarka kullum, wata rana zai gaji da ƙyamarka. Haka na samu Hajiya Gaji, wata dattijuwa a Zango da ba ta sayen man kowa sai nawa. Haka na san Ibro ɗan garuwa, da mahautan bakin kasuwa, da tsohon da ke ɗinkin takalma gindin bishiyar bedi. Ba ni da rediyo, amma babu abin da ke wuce ni. Na san inda hatsi ya ɗan sauka, na san gidan da ke neman mai surfe, na san wadda ta haihu da wanda ya kwanta.

Ta haka ne ma na fara jin sankarau ya shigo gari. Aka ce ya ɗauki yara biyu a Garin Malam. Aka ce ya shiga Sabon Gari. Muka yi ta addu'a muna ci gaba da zuwa garka, don ƙishirwa ba ta san ana annoba ba.

Wata safiya a goman ƙarshe na azumi Lami ta ce kanta na ciwo. Na ce ta kwanta, na tafi ɗibar ruwa ba ita. Da na dawo na tarar ta yi amai a bakin ƙofa, jikinta kamar garwashi. Na kira ta, ta buɗe ido ta rufe, wai haske na sukarta. Na sa hannu ƙarƙashin kanta zan ɗaga, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa. Ya sandare kamar taɓarya.

Na ƙwala wa Fanna kira. Ta shigo, ta duba. Ta kwance Mutari daga bayana ta miƙa wa Cima ta kan katanga, ta ce, "Tashi, Barira. Gidan likita."

Wata tsohuwa ta leƙo ta ce a bari rana ta yi sanyi, a samo rubutu tukuna. Fanna ta ce, "Iya, a kawo rubutun can ya same mu."

Mota ba ta shiga unguwarmu, duwatsu ba sa bari. Muka tallabo Lami mu biyu har bakin gudro, babbar hanyar da motoci ke bi. Rana ta take tsaka. Muka daɗe kafin wata taksi ta tsaya. Direban ya leƙo, ya dubi yadda kan yarinyar ya ƙage baya.

"Sankarau ne wannan?"

"Ba mu sani ba, malam. Gidan likita za ka kai mu."

"Daga ina kuke?"

"Kara-Kara."

Yana jin haka ya ja motarsa. Fanna ta bi shi da zagi da Barbarci har ya ɓace.

Na ce, "Bar shi, Fanna. Ba shi ya kawo ta duniya ba. Ɗaura mini ita."

"Ta yi girma da goyo, Barira. Ga azumi, ga rana."

"Na ce ki ɗaura."

Ta ɗaura ta da zane biyu. Ƙafafun Lami suna dukan bayan gwiwata, kanta ya ƙi kwanciya a kafaɗata, sai Fanna ta biyo ni a baya tana tallafe da shi da tafin hannu. Ban yi nisa a kan gudro ba igiyar takalmina ta tsinke. Na taka da ƙafa, kwalta ta yi laushi don zafi, ta kama mini tafin ƙafa kamar wuta. Nan na ce wa kaina, hanyar motoci ba tawa ba ce. Na saki gudro na faɗa lungu.

Lungunan nan na san su kamar tsakar ɗakina. Na san inda katanga ke ba da inuwa da azahar, na san inda tsamiya take, na san kwararon da ke yanke kwana. Muna cikin tafiya sai ga Ibro da garewaninsa biyu a sanda, ya fito daga nesa da ruwan da wani gida ke jira tun safe. Ya ganmu ya sauke.

"Subhanallahi! Mai ƙuli, Lami ce?"

Ya cire rawaninsa, ya tsoma a garwa, ya lulluɓa mata a ka. Sannan ya ɗaga garwar ya kwarara mana, ni da ita, tun daga wuya har ƙasa.

Fanna ta ce, "Ibro, ruwan mutane ne!"

Ya ce, "Masu shi za su jira. Ku tafi!"

Sanyin ruwan nan ya kai ni Zango. A nan idona ya fara ganin duhu-duhu. Gidan Hajiya Gaji ƙofa biyu gare shi, ta gaba a wannan lungu, ta baya tana fita kusa da kasuwa. Wanda ya ratsa ta ciki ya huta da zagaye mai tsawo. Ban yi sallama ba, na kutsa. Tana kishingiɗe a rumfa da tasbaha. Ta miƙe zaune.

Fanna ta ce, "Hajiya, kada ki matso. Sankarau muke zato."

Hajiya ta ce, "To sai me? Ni ban haifa ba?" Ta dubi ƙafafuna, ta tuɓe takalmanta ta tura mini. Ta kira babbar 'yarta, wata ƙaƙƙarfar mace da ta zo wankan jego ta gama, ta ce, "Karɓar mata yarinyar nan, ba ki ga za ta faɗi ba?"

Na ce ba na bayarwa. Hajiya ta daka mini tsawa. "Barira, taurin kai da ni za ki yi? In kin faɗi, wa zai yi jinyarta?"

Aka kwance Lami aka ɗaura wa 'yar Hajiya. Muka fita ta ƙofar baya. Bakin kasuwa a cunkushe yake da masu sayayyar sallah. Wani mahauci da nake sayar wa ƙulin tsire ya hango mu, ya ajiye wuƙa ya shiga gabanmu yana ihu, "A ba da hanya! Marar lafiya! A ba da hanya!" Mutane suka dare. Da muka wuce kasuwa na ce a mayar mini da 'yata. Ni na shiga da ita ƙofar gidan likita a bayana.

Wurin ya cika, har ƙarƙashin bishiyoyi an shimfiɗa yara a tabarmi. Wata ma'aikaciya ta taɓa wuyan Lami, ta kira lokotoro, aka yi mata allura nan take. Ya ce da mun bari sai yamma, da wata maganar ake yi. Ni ban ji ƙarshen zancensa ba, sai farkawa na yi na ga Fanna tana ɗura mini ruwa a baki. Na ce azumina. Ta ce, "Ki rama bayan sallah. Sha."

Muka yi kwanaki a gindin wata bishiya. Kullum sai na taka zuwa Kara-Kara in shayar da Mutari in dawo. Ban je garka ko sau ɗaya ba, amma ban taɓa tarar da randata a bushe ba. Matan ayarinmu kowace in ta dawo sai ta rage kwano ɗaya daga tulunta ta juye mini. Ban roƙe su ba, ba su kuma taɓa faɗa mini ba. Cima ce ta tona daga baya.

Ana gobe sallah zazzaɓin ya sauka. Lami ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Na yi ta hamdala, ina kiranta, ina yi mata magana, tana kallon bakina kawai. Sai tasar wata mata ta suɓuce ta faɗi a kan siminti. Kowa ya zabura, har jarirai suka fashe da kuka. Lami ko ƙiftawa ba ta yi ba. Lokotoro ya tafa hannu a bayan kunnenta, dama da hagu. Ya dube ni ya ce ciwon ya tafi da jinta, kuma ba a cika samun ya dawo ba.

Na goya ta muka koma gida ta hanyar da muka zo.

Babansu ya dawo lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya yi kuka da ya ga ya kira 'yarsa ba ta waiwaya ba. Mutum ne mai tausayi, Allah ya jiƙansa, amma tausayin nasa ya ce a kulle ta.

"Daga yau ba ta ƙara fita. Mota za ta taho ba ta ji ba. Yara za su yi ta tsokanarta. Ta zauna a gida inda ido ke kanta."

Na ce, "Malam, kunne ta rasa, ba ƙafa ba."

"Barira, ina magana kina magana?"

"Ka yi haƙuri, amma wannan ba zan bi ba. Ban ɗauko ta daga bakin kabari don in binne ta a ɗaki ba. In ta zauna a gida, ranar da babu ni babu kai, wa ya san ta? Gari ne zai riƙe ta, kuma gari ba ya riƙe wanda bai sani ba."

Ya yi fushi, ya kwana biyu ba ya cin tuwona. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka. Iska ta fara zuwa, ta kwashe dannin kara, sannan aka tsuge. Muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, har turmi. Ƙamshin ƙasa ya cika unguwa, duwatsu suna tururi. Na ga Lami tsaye a tsakar gida, ta ɗaga fuska sama, ta dafa ƙirji tana dariya. Ba ta jin tsawa da kunne, amma tana jin ta a jiki.

Washegari na ɗora mata 'yar tasa da kwalba biyu, na kama hannunta muka fita. Babanta yana zaune a zaure, ya bi mu da ido, bai hana mu ba.

Na koya mata ta riƙa bin gefen katanga. Na koya mata in ta zo bakin gudro ta tsaya ta duba sau biyu, ta kuma kalli ƙafafun mutane, in sun ja baya ita ma ta ja. Yara sun tsokane ta, ba ƙarya. Wata rana ta dawo da ƙulin a zube tana kuka, da safe na sake ɗora mata. Sannu a hankali hanya ta koyi maganarta. Hajiya Gaji in tana son mai sai ta murza tafin hannu. Mahauta su nuna yatsu. Mai ɗinkin takalma ya ɗaga mata hannu daga nesa, in bai gan ta ba ya tare ni ya tambaya. Kafin kaka Lami tana zuwa Zango ita kaɗai. Yau tana nan Kara-Kara da mijinta tela da 'ya'yanta, sana'ata tana hannunta, kuma babu lungun da za ta shiga a garin nan a rasa wanda zai yi mata hira da hannu.

Duk wannan ya dawo mini ina zaune a kan katifar Mutari, ina kallon ƙafafuna da suka kumbura kamar an hura. Ƙafafun da ba su taɓa kumbura ba sai da aka ce su huta.

Bayan sallah na ce masa ya mai da ni gida.

Ya ce, "Inna, me za ki koma yi a can? Kin sha wahala ta isa. Mutane su riƙa ganinki kina yawo a rana, su ce ɗanta yana da mota ya bar ta?"

"Su wa za su ce? Ni dai tun da na zo nan ban ga mutane ba."

Ya yi dariya, ya ce za mu yi magana in ya samu sarari. Ya shiga mota ya tafi biro, wurin aikinsa.

Ban yi saɗaɗe ba. Na ƙulle kayana a ɗankwali, na je na sami Nana a madafa na ce mata na tafi. Ta riƙe mini hannu, idonta ya kawo ruwa.

"Inna, don Allah ki bari ya dawo. Zai ce wani abu na yi miki."

"Ba ki yi mini komai ba sai alheri, 'yata, kuma haka zan faɗa masa. Cika mini gorar nan da ruwa."

Maigadi ya sake miƙewa. Na ce, "Yaro, na girmi uwarka. Buɗe." Ya buɗe.

Ba zan ce tafiyar ta yi daɗi ba. Rairayin unguwar ya cinye mini ƙarfi kafin in kai gudro. A gudro kuma babu inda mai ƙafa zai sa ƙafarsa. 'Yan kabu-kabu masu haya da moto, wato babur, suna wucewa kamar ƙudan zuma, masu kaya sun baje hajarsu har bakin kwalta, manyan bedin da na sani an sare su an kafa rumfunan kwano. Sau biyu moto ya kusa kwashe ni. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya ce, "Hajiya, hau in kai ki, ko ba ki biya ba." Na sa masa albarka na ce ya wuce. In na gaji in zauna a gindin katanga in kurɓi ruwa, in tashi.

Da na shiga tsofaffin lunguna sai numfashina ya daidaita. Abubuwa sun sauya. Ibro ya daɗe da rasuwa. Gidan Hajiya Gaji magada sun sayar, an toshe ƙofar baya da bulo, dole na zagaya. Amma inuwar tana nan inda na bar ta. Ban yi nisa ba wata ta ƙwala daga cikin zaure, "Wa nake gani kamar Inna Barira?" Daga nan gaisuwa ba ta yanke ba. Wannan ya jawo mini kujera, waccan ta ce sai na ga jaririnta, wani ya ba ni labarin rasuwar da ba wanda ya kai mini. Azahar ta yi mini a hanya, na yi salla a gidan mutanen da ban ma tuna sunansu ba.

Fanna na tarar a ƙofar gidanta, ta tsufa, ido ya yi rauni, bakin yana nan. Ta yi mini gaisuwar Barebari ta ce, "Wushe, wushe! An sako ki, ko kin tsere?" Lami ta fito daga gidana da tsintsiya, ashe kullum sai ta zo ta share. Ta tsaya, ta dubi ƙurar ƙafafuna, ta nuna yamma da hannu, ta tafiyar da yatsu biyu a tafinta tana tambaya. Na gyaɗa kai. Ta riƙe baki, sannan ta fashe da dariya har da hawaye.

Da la'asar sai ga Mutari. Ya bar motar can bakin duwatsu, ya shigo da takalmin biro yana zufa, ransa a ɓace.

"Inna, me kika yi haka? Tun daga can da ƙafa? Da kin faɗi a hanya fa?"

"Da na faɗi a nan, kafin in kai ƙasa an tare ni. A gidanka in na faɗi, sai katanga ta ba da labari."

"Lokotoro ya ce ki huta."

"Ka koma ka tambaye shi ko zama ya ce in yi har in ruɓe. Maganinsa zan sha, ban ƙi ba. Ka kawo mini."

Ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Fanna ta ce daga ƙofa, "Kai Mutari, ka bar uwarka. Ubanka ma bai iya ba." Bai yi dariya ba. Ya ce shi tsoro yake ji, kada wata rana a kira shi a ce an tsince ni a lungu. Na ce masa na sani, kuma na gode, amma lungun nan ya fi mini ɗaki mai fanka, ko da a cikinsa za a tsince ni.

Yanzu kullum da safe ina raka Lami har bakin kasuwa, in zauna wurin masu goro in huta, in dawo ta Birni. Kumburin ya saɓe. Maganin ina sha. Mutari yana zuwa ranar Juma'a, kuma har yau bai haƙura ba. Wancan makon ya ce da damina ta kama zai zo ya ɗauke ni, don rufin ɗakina yana yoyo.

Na ce to, ya zo. Sai dai ya yi sammako, don da hantsi ba a samuna a gida.